Yayen 'Yan Tsirya Biyu

Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa muka taso daga Kano muka dawo Birnin Kudu. Maigidana direba ne, bas ɗin wani Alhaji yake ja. Da ma'aikata suka fara kwararowa gida, sai Alhajin ya ce motar ta koma hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, can ne fasinja yake yanzu. Ni ban ƙi ba, don ni 'yar Gwaram ce, an kawo ni kusa da iyayena ke nan. Muka kama ɗaki biyu a gidan wata Hajiya mai sayar da atamfa, mace mai jiki da murya, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

A ƙarshen daminar da ta biyo baya 'yata ta kusa shekara biyu, sai Inna, mahaifiyata, ta aiko a kai mata ita yaye. Na kai ta na wuni. Da la'asar Inna ta goya ta ta zagaya bayan gida wai za su ga 'yan awaki, ni kuwa na ɗauki mayafina na sulale.

'Yar fari ce, ban isa in nuna komai ba. Ko sunanta ba na kamawa a gaban mutane, balle in ce ina kewarta. Amma ɗakuna biyun nan suka yi mini faɗi kamar filin idi. Ƙirjina ya yi nauyi, hannuna ya rasa abin riƙewa. In share tsakar gida, in sake sharewa. Hajiya tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno tana ninke atamfofi, ta bi ni da ido.

"'Yar nan, tukunyar nan za ki huda ta da wanki," in ji ta. "Zo ki zauna. Kowa da kika gani haka aka yaye shi, bai mutu ba, uwarsa ma ba ta mutu ba."

Ba a yi kwanaki da yawa ba, ran nan da yamma maigidana ya shigo riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai. Yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da mai.

"Ga saƙon Baba," ya ce.

Na ɗauka ƙwan zabi ne, don shi mahaifina ya saba aiko mini. Ina ɗaga faifan na ja da baya. Wasu halittu biyu ne kwance a kan tsumma, jikinsu duk tsoka, sai ɗan gashi fari-fari jefi-jefi. Kai ƙato, baki ƙato a lanƙwashe, ciki kamar an hura. Ɗaya ya ɗaga kai ya buɗe baki ya yi wata ƙara kamar ƙofar da ba ta sha mai ba.

"Subhanallahi! Malam, mene ne wannan?"

"'Yan tsirya ne."

Tsirya dai ƙaramar aku ce ta ƙasarmu, mai kai ruwan toka, baya kore, ciki rawaya. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san ta, kuma bai san ta da alheri ba. Da gero ya fara ido za su sauko garke guda su yi ta ɓarna. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana yi musu Allah ya isa. Gonarsa ta Maruta kuwa akwai wata tsohuwar ɗorawa a tsakiya, nan ne masaukinsu. Maigidana ya ce iskar da aka yi shekaranjiya ce ta karya babban reshen ɗorawar, ashe akwai kogo a jikinsa. Baba ya tsinci 'ya'yan a ƙasa. Ya ajiye su a inuwa ya koma nesa ya jira har rana ta yi sanyi, iyayen ba su sauko ba.

"Ya ce in gaya miki, shi dai ba zai iya barinsu tururuwa ta cinye ba, kuma ba zai ciyar da 'ya'yan ɓarayi da hannunsa ba. Ke da ba ki da aikin yi yanzu, ki gwada."

Maigidana ya ajiye ƙwaryar a gabana ya karkaɗe hannu, ya ce shi nasa ya ƙare, direba ne, ya kawo kaya ya sauke.

Na ɗebo gero zan zuba musu a baki, sai ga Hajiya a kaina.

"Ke! Jariri za ki ɗura wa tsaba? Dama koko."

Ashe marigayi mijinta, lokacin da yake fataucin goro, ya taɓa zuwa mata da ɗan aku daga kurmi, ita ta raine shi. Ta sa na dama koko mai ruwa-ruwa, na tace shi da rariya, na zuba ɗan ƙullin gyaɗa. Ta ɗiga a bayan hannunta ta ce ya yi zafi, muka jira. Ta sake ɗigawa ta ce yanzu ya yi, kada ya wuce ɗumin jikin mutum, kada kuma ya huce.

Ba su abincin ne ya zama aiki. Na gwada da yatsa, rabi a bakinsu rabi a zanena. Na gwada da cokalin shayi, ya yi musu faɗi, kokon yana bin gefe yana zuba a wuyansu. Maigidana yana alwala yana kallonmu ta wutsiyar ido. Da ya dawo daga masallaci ya wuce mota ya ɗauko filaya, ya karɓi cokalin ya matse gefe da gefe har ya zama kamar ɗan indararo. Ya miƙo mini.

"Ba don su na yi ba," ya ce. "Don zanen da na saya ne."

Ina kai cokalin bakin babban, ya cafke ya hau gyaɗa kai da sauri, kokon yana wucewa, wata 'yar jaka da ke ƙasan wuyansa tana cika ina gani. Hajiya ta ce wannan jakar ita ce agogona. In ta cika ta yi laushi in dakata, in ta sauka ta yi fayau in sake ba su. Babban bai san ƙoshi ba, ko jakar ta yi tim sai ya ƙara buɗe baki, shi ya sa muka sa masa Acici. Ƙaramin kuwa sai an lallaɓa, a shafa gefen bakinsa kafin ya karɓa. Shi ne Auta. Ko maza ne ko mata, har yau ban sani ba.

Daga ranar ban sake share tsakar gida sau biyu ba. Da asuba ƙararsu ce take tashina. In dama, in tace, in jira ya sha iska, in ba wannan, in ba wancan, in goge musu baki da ɗan tsumma mai ɗumi don in kokon ya bushe a nan sai ya zama kamar siminti. Kafin in gama wanke-wanke jakar ta sauka, an koma. Na mayar da su cikin kwando, na samo garin katako wurin kafinta na shimfiɗa musu, kullum in canza. Da yamma in cika kwalba da ruwan ɗumi in naɗe da tsohon ɗankwali in sa a gefe, su manne da ita su yi barci, kan wannan a bayan wancan. Wata rana in dafa ƙwai in murje gwaiduwar a cikin kokon. Biki aka yi a maƙwabta, na je na yi Allah ya sanya alheri a tsaye na dawo. Matan unguwa suka sa mini Maijego.

Hajiya tana da wata mage ja da take ji da ita. Tun ranar farko magen ta tare a bakin ƙofata, ta zauna ta naɗe jela kamar mai jiran sadaka. Ran da na fito daga wanka na tarar da ƙafarta ɗaya a kan murfin kwandon, na ƙwalla ƙara har Hajiya ta yar da buta. Ban ce a yi komai ba, gidanta ne, magenta ce. Washegari da mai kawo mata itace daga Wurno ya zo, sai na ga ta miƙa masa buhu yana motsi.

"Ta je ta sha iskar ƙauye," in ji Hajiya. "In 'yan nan sun yi fiffike ta dawo."

Sannu a hankali wasu tsinkaye suka fara tsiro musu a fukafukai da baya, suka ƙara muni, kamar bushiya. Can sai bakin tsinkayen ya fara fashewa, kore yana leƙowa. Wata safiya na ɗaga Acici a hasken ƙofa na ga rawaya ta ɓullo a cikinsa. Na kira Hajiya ta zo ta gani, ita ma ta kira maƙwabciya.

Sau ɗaya hankalina ya tashi. Na buɗe kwando da safe, Acici yana ta tsalle, Auta kuwa ya lafe a gefe ido a lumshe. Na taɓa jakar wuyansa na ji ta cike da kokon jiya, ta yi tauri. Na fita da shi a tafin hannu. Hajiya ta duba ta ce kada in ƙara masa komai, sanyi ne ya kama shi abincin ya tsaya. Muka ɗiga masa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, ina murza jakar a hankali da yatsa. Sannan ta ce in sa shi a jikina. Na cusa shi cikin rigata na ɗaure da ɗankwali, na yi shara da shi, na ɗora girki da shi, ina jin ƙafafunsa suna ɗan karcena. Wajen azahar na ji wani ɗumi yana bin cikina. Na leƙa, ya yi kashi, ya kuma ɗago kai yana neman cokali. Ban taɓa murna da kashin tsuntsu ba sai ranar. Hajiya har da guɗa.

Labarin 'yata kuwa ta bakin maigidana nake ji, shi ma ba ya faɗa kai tsaye. Sai yana cin tuwo ya ce, kamar da bango yake magana, "Mutuniyar Inna fa yau ta kori kaji har waje." Ko ya ce, "An ce tuwon dawa take ci da hannu biyu." Ni kuma in ce "To," in ci gaba da goge bakin Auta, ina jin daɗi har cikin raina.

Lokacin da gashi ya rufe su, Acici ya fara cizon bakin kwando yana ɓarje shi. Hajiya ta ce alamar yaye ke nan. Kaka ta yi, komai sabo ne. Na jiƙa gero ya kwana, na zuba a murfin kwano. Na yanka gwaba, na ɓare ɗanyar gyaɗa, maigidana ya zo da zangarniyar gero daga gonar Baba na rataye musu a kejin da kafinta ya ƙera. Acici ya zagaya murfin yana kallonsa da ido ɗaya, ya taka geron, ya watsar da rabi, sannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya yi ta juya ta da harshe. Bai kwana biyu ba ya gane. Ran da ya ɗauki gyaɗa da ƙafa ya kai baki kamar mutum, Hajiya ta tafa hannu, sai kuma ta tsuke fuska.

"La ila! Da hagu yake ci!"

Ta karɓe gyaɗar ta miƙa masa ta dama. Ya karɓa da baki ya mayar hagu. Ta sake, ya sake. Ta ce, "Wannan tarbiyyar ba a gidana aka koye ta ba." Har ya bar gidan bahago ne.

Na rage wa Acici cokalin rana, na rage na safe, bai damu ba. Ba a jima ba in na kawo kokon sai ya kau da kai.

Auta kuwa ya ce bai san zancen ba. Ga shi ya yi gashi tsaf, yana iya tashi daga keji zuwa kan igiyar shanya, amma ko kallon murfin ba ya yi. In na sa masa gwaba a baki ya tofar. In na ba shi gyaɗa ya riƙe, ya sake ta ta faɗi, ya leƙa ƙasa yana kallonta. Da ya hango cokalin sai ya saki fukafukai ya tsugunna yana karkarwa yana kukan jarirai, ƙato da shi. Har ƙarar ludayi a jikin kofi ya sani.

"Ki bar shi da yunwa wuni guda," in ji Hajiya. "Yunwa ce malamar kowa."

Wuni guda ban iya ba, amma na ce zan hana shi na safe. Abin mamaki, safiyar farko bai yi kuka sosai ba. Ta biyu ma haka. Na ce to, ko ya fara cin geron a ɓoye ne? Na duba murfin, babu alama. Na taɓa jakar wuyansa, a cike. A gefen bakinsa kuma ga busasshen koko.

Washegari na idar da sallar asuba na yi kamar na koma barci. Maigidana ya dama kokonsa da kansa kamar yadda ya saba in zai yi sammako. Na leƙa ta labule. Yana tsugune gaban keji da lanƙwasasshen cokalin, yana hura kokon yana ɗigawa a bayan hannunsa.

"Yi sauri, yi sauri," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Kafin hukuma ta tashi."

Na yi gyaran murya. Ya juyo, cokali a hannu, Auta yana rataye da bakin cokalin.

"Malam, ba kai ne direban da ya sauke kaya ba?"

"Ni fa kukan ne ba na so," ya ce. "Yana bina har tasha."

Muka yi ta dariya har Hajiya ta buga bango ta ce mu bar mutane su yi lazimi.

Ana cikin haka Inna ta aiko cewa yaye ya kammala, in zo in ɗauki 'yata. Acici na bar wa Hajiya, tunda shi yana ci da kansa. Auta kuwa dole na tafi da shi. Na sa shi a ƙaramin kwando na rufe da ɗankwali, na zuba koko a filas, na shiga motar maigidana. Ranar kasuwar Gwaram ce, motar ta cika maƙil, har da buhuna a ƙarƙashin ƙafafunmu. Mun wuce duwatsun bayan gari ke nan Auta ya fara. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dubi kwandon ta dube ni.

"Yarinya, me kika rufe a nan?"

"Ɗan tsirya ne, Iya."

"Kasuwa za ki kai shi?"

"A'a, gida za mu je gaisuwa."

Da aka tsaya sauke wani fasinja na buɗe filas na fito da cokali. Kowa a motar ya miƙo wuya. Wani dattijo a baya ya ce shi shekararsa sittin yana korar tsirya daga gona, bai taɓa zaton zai biya kuɗin mota ya zauna ana ba ta koko a gabansa ba. Maigidana ya ce ta madubi, "Baba, yi haƙuri, ɗan masu motar ne."

Na shiga gidanmu da sallama. 'Yata tana tsakar gida da ludayi a hannu, ta yi ƙiba, ta yi baƙi, an yi mata kitso ƙanana. Ta dube ni. Na ɗauka za ta rugo. Sai ta juya ta ruga bayan Inna ta ƙanƙame zanenta, tana leƙena da ido ɗaya. Na durƙusa na gaida Inna kamar ban gani ba.

"Ƙawata fushi take," in ji Inna. "Ƙyale ta, za ta huce."

Baba ya shigo daga zaure, na gaishe shi, ya ce, "Uwata, ina 'ya'yan ɓarayin? Sun mutu ko?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. Na buɗe kwandon. Auta ya fito ya karkaɗe jiki, ya taka tabarma da tafiyarsa ta gwame, ya kama bakin rigar Baba da baki ya hau, ya bi hannu har kafaɗa. Baba ya sandare.

"Kai, ka san ni kuwa? Ni ne mai jifan ubanka da hoge."

Auta ya karkata kai ya dube shi, sannan ya sa baki cikin gemunsa ya fara tsefe masa a hankali. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ce a cire masa wannan abu, amma da na miƙa hannu sai ya ce in bari ya gama tukuna.

Da lokacin cinsa ya yi na ɗora shi a gwiwata na fito da cokali. Inna ta riƙe haɓa.

"Ni na yaye mutum sukutum, ke tsuntsu ya gagare ki?"

Sai na ga 'yata ta saki zanen Inna. Ta tako kaɗan ta tsaya. Ta sake takowa. Auta yana ta gyaɗa kai a bakin cokali, ita kuma ta buɗe baki tana kallo. Can na ji ɗan hannunta a kan cinyata. Ban dube ta ba. Ta hau ta zauna a ɗaya gwiwar don ta gani da kyau, ta jingina kanta a ƙirjina. Tana warin hayaƙi da man shanu. Na ci gaba da ba wa Auta koko har sai da jakarsa ta kusa fashewa, don kada in motsa.

Da muka dawo Birnin Kudu gidan ya cika. 'Yata ba ta yarda ta ci abinci sai a gaban keji, ni kuma in buɗe musu su fito. Wata hantsi na dafa dankali na mutsuke mata a kwano, ta zauna a tabarma tana ci tana ɓata fuska da shi. Ina tsince shinkafa a gefe. Auta ya sauko ya tsaya a gabanta. In ta kai hannu kwano ya bi hannun da ido, in ta kai baki ya bi. Ya matso. Ya hau bakin kwanon. Sai ya tsoma baki ya ɗebo.

"Nawa!" ta ƙwalla, ta janye kwanon.

Ya biyo ta, bakinsa duk dankali, yana juya harshe. Ta tashi da kwanon ta gudu bayan turmi, ya bi ta da ƙafa. Ni kuwa sai kiran Hajiya nake: "Fito ki gani! Yana ci! Wallahi yana ci!"

Daga ranar duk abin da ke kwanonta shi ne abinci. In na zuba masa a murfinsa ba ya so, sai nata. Sai na koma zuba jiƙaƙƙen gero da gwaba a wani kwano irin nata in ba ta ta riƙe, ita kuma ta ga wasa ya samu, tana ɗauka da yatsu biyu tana miƙa masa tana cewa "Ha." Gyaɗa ce ta ba shi wuya, sai da ya zauna kusa da Acici ya yi ta kallon yadda yake fasa ɓawon. Na janye cokalin rana. Na safe kuma na sa maigidana ya yi mini alkawari. Na yamma ya daɗe, don shi ya fi so, ni ma haka. Wata yamma na kawo, ya kurɓa sau biyu, ya girgiza kai ya fesa mini a fuska, ya tashi ya koma kan igiyar shanya wurin ɗan'uwansa. Na wanke cokalin na jefa cikin kwandon cokula.

Hajiya ta ce a yanke musu gashin fiffike kada su gudu. Maigidana ya ce a'a, wanda zai zauna zai zauna. Da rana suna kan darbejiyar ƙofar gida, da yamma su dawo keji da kansu. Magen Hajiya ta dawo daga Wurno, ta gwada sa'arta sau ɗaya, Acici ya kama mata kunne, ba ta ƙara ba.

Acici ya yi shekara tare da mu. Da gero ya sake nuna, garken tsirya suka riƙa wucewa ta saman gari da sassafe suna kuka, shi kuma yana amsa musu daga kan darbejiya. Ya fara wuni a waje. Ya fara kwana. Ran nan ya tafi bai dawo ba. Na yi kwanaki ina ɗaga kai duk sanda na ji kukansu, amma ban yi baƙin ciki sosai ba, da ƙarfinsa ya tafi, kuma lokacin da abinci ya cika daji. Da labari ya kai wa Baba sai ya aiko cewa ya gode, ya ba ni biyu na mayar masa da ɗaya ƙosasshe, in ya ga bahago a gonarsa ya san gidan da zai kai ƙara.

Auta bai taɓa wuce darbejiya ba. Ya koyi fito, ya koyi tarin Hajiya har ita kanta takan waiga. 'Yata kuma da bakinta ya buɗe ba ta da wasa sai na mota. Ta kifa kwando ta zauna a kai, ta riƙe murfin tukunya tana murzawa, tana kwaikwayon masu lodi a tasha: "Gwaram! Gwaram! Saura mutum ɗaya!" Tun safe har yamma. Ba a daɗe ba muka fara jin kiran daga sama, da wata 'yar siririyar murya kamar ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

Wata rana da hantsi muka ji sallama a zaure. Hajiya ta yafa mayafi ta fita, ni ina biye. Wani tsoho ne da ƙullin kaya da sanda, ya ce daga ƙauye ya shigo, Gwaram za shi wurin 'yarsa. Yana neman tasha ya ji ana kira ta bayan katangar nan, shi ne ya zauna a gindin darbejiya yana jira. Ya jima sosai, ana ta cewa saura mutum ɗaya, ga shi ya zo, amma bai ga mota ba.

Hajiya ta zauna a dakalin zauren don dariya ta hana ta tsayuwa. Na koma ciki na miƙa wa Auta yatsa ya hau, na fito da shi. Tsohon ya dube shi, ya dube mu. Kamar an sa shi, Auta ya kumbura wuya ya ce, "Gwaram! Gwaram!"

Tsohon ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Ikon Allah," ya ce. "To, ai shi ya kira ni. Sai ya san yadda zai yi da ni."

Hajiya ta sa na dama masa fura, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya sha, ya yi sallar azahar, ya zauna yana ɓare wa Auta gyaɗa daga aljihunsa suna hira. Da maigidana ya biyo gida cin abinci muka ba shi labari, ya ce lallai wannan fasinjan gida ne. Ya ɗauki ƙullin kayan da kansa, ya buɗe wa tsohon gidan gaba. Tsohon ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya waiwayo ya ɗaga wa Auta sanda.

"Yaro, ka iya kira," ya ce. "Amma ka riƙa faɗa wa mutane ƙarfe nawa za a tashi."